Gudun Motsa Jiki da Tsarin Cin Abinci Bayan Tiyatar Rage Ƙiba

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa in kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja. Mutumin da aka yi wa tiyatar rage ƙiba ya shiga wani sabon hali wanda ya sha bamban da wanda ya saba da shi tun yana yaro, domin tumbin da a da yake ɗaukar malmala uku ta tuwo ya koma abin da ba ya ɗaukar fiye da 'yan lomomi. A daidai wannan lokaci kuma likitoci suna umurtarsa da ya motsa jiki, kuma da yawa daga masu irin wannan hali sukan zaɓi gudu, saboda ba ya buƙatar kuɗi ko kayan aiki masu yawa. To, a nan ne matsala take tasowa. Tiyata ta rage abin da ke shiga jiki, shi kuwa gudu yana ƙara abin da jiki ke nema.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bayyana yadda ake daidaita waɗannan buƙatu biyu. Za a fara da bayanin ƙiba da yadda ake auna ta, sa'an nan a duba asalin tiyatar da irin canjin da take kawo wa jiki. Daga nan sai a dubi gudun nishaɗi da amfaninsa, a fito da wuraren da yake cin karo da sabon tsarin ciki, a ƙarshe kuma a kawo hanyoyin da masana suka shimfiɗa don a ci moriyar abubuwan biyu ba tare da cutuwa ba.

2.0 Ƙiba da Ma'auninta

A al'adance jama'a da dama sukan ɗauki teɓa a matsayin alamar hutu da wadata. Ilmin likita kuwa ya nuna cewa ƙibar da ta wuce kima ciwo ce, kuma takan jawo wasu cututtuka, kamar ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya da ciwon gwiwa da ɗaukewar numfashi cikin barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙiba, kuma yawan manya masu ita ya ninka fiye da sau biyu tun daga shekarar 1990.

Ma'aunin da aka fi amfani da shi ya samo asali daga lissafin wani masani ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Adolphe Quetelet a ƙarni na 19. Yadda ake yinsa shi ne, a ɗauki tsawon mutum a mita a ninka shi da kansa, sa'an nan a raba nauyinsa a kilo da abin da aka samu. Alal misali, a ɗauki wani ma'aikacin ofis mai tsawon mita 1.7 da nauyin kilo 120. In aka ninka 1.7 da 1.7 za a sami 2.89, in kuma aka raba 120 da 2.89 za a sami kimanin 41.5. Wanda awonsa ya kai 25 ana cewa nauyinsa ya haura daidai, wanda ya kai 30 kuwa ya shiga sahun masu ƙiba. Ke nan wannan ma'aikaci ya yi nisa ƙwarai.

A shekarar 1991 Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka suka tsayar da ƙa'ida cewa ana iya yi wa mutum tiyata in awonsa ya kai 40, ko kuma ya kai 35 tare da wata cuta mai tsanani da ƙibar ta haddasa. A shekarar 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauta ƙa'idar zuwa 35 ko da babu wata cuta, da kuma 30 ga mai ciwon sukari ko makamancinsa wanda sauran hanyoyi suka gaza masa.

3.0 Asalin Tiyatar da Ire-irenta

An fara gwajin wannan aiki a Amurka cikin shekarun 1950, inda likitoci a Minnesota suka gwada tsallake wani babban sashe na ƙaramin hanji don abinci ya wuce ba tare da jiki ya tsotse shi duka ba. Nauyi ya ragu, amma illar ta yi yawa, musamman gudawa da lalacewar hanta, saboda haka aka yi watsi da wannan hanya. A shekarar 1966 wani likita mai suna Edward Mason na Jami'ar Iowa ya ɓullo da wata dabara, bayan da ya lura cewa waɗanda aka yanke wa sashen tumbi saboda gyambon ciki sukan rame. Daga aikinsa ne tiyatar zamani ta tsiro. A shekarar 1994 kuma Alan Wittgrove da abokan aikinsa a San Diego suka ba da rahoton yin aikin ta 'yan ƙananan huda, da na'urar hangen cikin jiki, ba tare da an tsaga ciki ba. Wannan ya rage kwanakin jinya ƙwarai da gaske.

Iri biyu ne aka fi yi a yau. Na farko shi ne wanda za a iya kira tiyatar kewaye. A nan akan yanki ɗan sashe daga saman tumbi a mayar da shi wata 'yar jaka wadda ba ta fi girman ƙwai ba, mai ɗaukar kimanin mililita 30, sa'an nan a haɗa ta kai tsaye da ƙaramin hanji. Abinci sai ya kewaye sauran tumbin da kuma farkon hanjin. Na biyu shi ne tiyatar hannun riga, inda ake cire kimanin kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi, a bar wani siririn sashe mai siffar ayaba. Wannan na biyun shi ne ya fi yawa a duniya yanzu.

Ba ƙanƙantar tumbi kaɗai ke sa ramewa ba. Akwai wani sinadari mai suna girelin, wanda masana a Japan suka gano a shekarar 1999, shi ne ke tayar da jin yunwa, kuma yawancinsa daga saman tumbi yake fitowa. In aka cire wannan wuri sai yunwa ta ragu. Haka kuma saurin isar abinci cikin hanji yana tayar da wasu sinadarai masu sa ƙoshi da daidaita sukarin jini. Dalili ke nan da ya sa ciwon sukari yakan lafa wa mutane da yawa tun kafin su rame sosai.

Game da amfanin aikin, babban binciken da aka fara a ƙasar Suwidin a shekarar 1987 ya bi mutane fiye da 4,000, rabinsu an yi musu tiyata, rabi ba a yi musu ba. Rahoton da ya fito a shekarar 2007 ya nuna cewa, bayan kimanin shekara 11, yawan mutuwa ya ragu da kashi 29 cikin ɗari a tsakanin waɗanda aka yi wa aikin.

4.0 Halin Jiki Bayan Tiyata

A makonnin farko abinci yakan bi mataki mataki. Ana farawa da ruwa-ruwa, sa'an nan abin da aka niƙa ya yi laushi kamar kunu mai kauri, daga nan abinci mai taushi, kafin a kai ga abinci sosai bayan kimanin mako 6 zuwa 8. A watannin farko abin da mutum ke ci a yini sau da yawa ba ya kai kalori 1,000, watau ƙasa da rabin abin da babban mutum ke buƙata. Nauyi yakan zube da sauri a watanni 6 na farko, ya ci gaba da raguwa har zuwa wata 12 ko 18, inda galibi akan rasa kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na nauyin farko. Ma'aikacin nan mai kilo 120 yana iya dawowa wajen kilo 85 ko 90.

Amma fa sikeli ba ya bambanta kitse da tsoka. Jikin da ba ya samun isasshen abinci yakan ci kitsensa, yakan kuma ci tsokarsa. Bincike ya nuna cewa wajen kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na nauyin da aka rasa ba kitse ba ne, kuma mafi yawan wannan asara a watanni 3 na farko take faruwa. Wannan abu ne mai muhimmanci, domin tsoka ita ce ke ƙona abinci ko da mutum yana zaune, ita ce kuma ke riƙe gaɓoɓi. Wanda tsokarsa ta zube zai ji kasala, kuma jikinsa zai riƙa ƙona abinci kaɗan, abin da ke buɗe ƙofa ga dawowar ƙiba. Sanannen abu ne cewa daga shekara ta biyu nauyi yakan fara komowa ga wasu, musamman waɗanda suka koma zama wuri ɗaya da ciye-ciyen kayan zaƙi.

5.0 Gudun Nishaɗi da Amfaninsa

Gudun da ake magana a kansa a nan shi ne wanda Hausawa ke kira sassarfa, watau gudu na a hankali wanda mai yinsa zai iya hira da abokinsa ba tare da numfashi ya sarƙe masa ba. A matsayin al'adar jama'a, ya bunƙasa ne daga ƙasar Niyuzilan a farkon shekarun 1960, inda wani mai horar da 'yan tsere, Arthur Lydiard, ya tara magidanta a birnin Auckland suna sassarfa don lafiyar zuciya. Bill Bowerman na Jami'ar Oregon ya ga abin a can a shekarar 1962, ya kai shi Amurka, daga nan ya bazu duniya. A shekarar 2004 aka fara gudun kilomita 5 na kowace Asabar a wani lambu na birnin Landan, kyauta, ga kowa da kowa, kuma wannan tsari ya yaɗu zuwa ƙasashe da dama. A Nijeriya ma ana yin babban gudun famfalaƙi na birnin Legas tun daga shekarar 2016.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na shekarar 2020, ta ce babban mutum ya yi minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi, tare da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Ga wanda aka yi wa tiyata, gudu yana ƙarfafa zuciya da huhu, yana taimaka wa jiki sarrafa sukari, yana kuma cikin abubuwan da ke hana nauyi komowa. Akwai kuma amfani na zuci, domin mutumin da ya shafe shekaru yana haki in ya hau bene hawa ɗaya, ranar da ya gama kilomita 5 da ƙafarsa yakan ji ya sami wani sabon mutunci a idon kansa.

Ramewar da kanta tana sauƙaƙa gudun. An ƙiyasta cewa duk kilo ɗaya da aka rage yana sauke wa gwiwa nauyin da ya kai kimanin kilo huɗu a kowane taku na tafiya. A gudu kuwa ƙafa tana dukan ƙasa da ƙarfin da ya ninka nauyin jiki sau biyu zuwa uku. Wannan ya nuna dalilin da ya sa bai kamata a fara gudu ana da nauyi mai yawa ba.

6.0 Inda Buƙatun Biyu Suke Cin Karo

6.1 Ƙarancin abin ƙonawa

Da ruwan ciki akan ja na rijiya. A ƙiyasin masana, mai gudu yana ƙona kimanin kalori ɗaya a kan kowane kilo na nauyinsa a kowace kilomita. Mai kilo 85 in ya yi kilomita 5 ya ƙona kalori wajen 425. In abincinsa na yini kalori 1,000 ne, to, gudun ya cinye kusan rabi, saura kaɗan ke nan ya rage wa zuciya da ƙwaƙwalwa da sauran gaɓoɓi. Wasu sukan yi murna da wannan, suna zaton ramewa ce za ta ƙara sauri. Abin da yakan faru shi ne jiki ya ƙara cin tsoka, gajiya ta yi yawa, rauni ya ƙi warkewa, mata kuma al'adarsu ta rikice.

6.2 Ƙishirwa

Mai gudu yana iya zubar da gumin da ya kai rabin lita zuwa lita biyu a sa'a guda, gwargwadon zafin rana da ƙarfin gudunsa. Mai cikakken tumbi yakan kwankwaɗi kofi biyu a tsaye ya mayar da abin da ya rasa. Wanda aka yi wa tiyata ba shi da wannan dama, sai dai kurɓi kurɓi. Bugu da ƙari, an hana shi haɗa ci da sha, sai ya bar tazarar kimanin minti 30 tsakaninsu, don kada ruwa ya cika gurbin abinci ko ya ture shi cikin hanji da sauri. Ƙarancin ruwa na daga cikin manyan dalilan da ke mayar da irin waɗannan mutane asibiti a makonnin farko.

6.3 Sukari

Masu dogon gudu sun saba da shan abin zaƙi a kan hanya, domin sukarin da jiki ke ajiyewa a hanta da tsoka yakan yi ƙasa bayan kimanin minti 90 na gudu. Ga wanda aka yi wa tiyata, musamman ta kewaye, wannan dabara tana iya zama masifa. In abu mai zaƙi sosai ya kwarara cikin hanji gaba ɗaya, hanjin yakan jawo ruwa daga jini, sai mutum ya ji murɗar ciki da tashin zuciya da bugun ƙirji da jiri cikin minti 10 zuwa 30. Akwai kuma wani nau'i da ke zuwa bayan sa'a ɗaya zuwa uku, inda jiki ke sakin insulin fiye da kima, sukarin jini ya faɗi, mutum ya kama rawar jiki da gumi mai sanyi, wani lokaci har ya suma. Gudu kansa yana rage sukarin jini, saboda haka in abubuwan biyu suka haɗu haɗarin yakan ƙaru.

6.4 Jini da ƙashi

Sinadarin ƙarfe da kalshiyam a farkon ƙaramin hanji aka fi tsotse su, wurin da tiyatar kewaye ta tsallake. Bitamin B12 kuwa yana buƙatar wani sinadari da tumbi ke fitarwa kafin ya shiga jiki. Ƙarancin ƙarfe da B12 yana kawo ƙarancin jini, shi kuwa jini shi ke kai iska ga tsoka, don haka mai gudu zai ga yana haki a inda a da ba ya yi. Ƙarancin kalshiyam da bitamin D, haɗe da saurin ramewa, yana rage ƙwarin ƙashi, ƙashi mara ƙwari kuwa yana iya tsagewa a ƙwauri ko tafin sawu in aka tsananta masa. Akwai kuma bitamin B1, wanda ajiyarsa a jiki ba ta wuce mako biyu zuwa uku. Mai yawan amai bayan tiyata yana iya rasa shi, rashin nasa kuwa yana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, wani lokaci illar ba ta gyaruwa.

6.5 Maganin ciwon jiki

Al'adar masu wasanni ce su sayi ƙwayar ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac in gwiwa ta dame su. Waɗannan magunguna suna jawo gyambo a wurin da aka haɗa tumbi da hanji, gyambon kuma yana iya zubar da jini ko ya huje. Saboda haka likitoci sukan hana su, musamman bayan tiyatar kewaye. Shan taba ma yana ƙara wannan haɗari.

7.0 Hanyoyin Daidaitawa

7.1 Matakan fara gudu

Sannu ba ta hana zuwa. Tafiya ita ce matakin farko, kuma tun a asibiti ake fara ta, a ranar aikin ko washegari, don hana jini daskarewa a jijiyoyin ƙafa. A makonni 4 zuwa 6 na farko ana hana ɗaukar kaya masu nauyi, sai dai a riƙa ƙara tsawon tafiya har mutum ya iya yin minti 30 zuwa 45 da sauri ba tare da wahala ba. Ba a shiga gudu sai likitan da ya yi aikin ya amince, kuma sai mutum ya koma cin abinci sosai yana shan isasshen ruwa. Wanda nauyinsa ke da yawa har yanzu, ko gwiwarsa ke ciwo, gara ya tsaya ga tafiya da keke da iyo na wasu watanni.

In lokaci ya yi, akwai wani tsari na mako 9 wanda Hukumar Lafiya ta Ingila ke koyar da masu fara gudu. Ana fita sau uku a mako, da hutun yini tsakanin kowace fita. A makon farko akan yi tafiyar minti 5 don jiki ya ɗumama, sa'an nan a riƙa sassarfa na daƙiƙa 60 da tafiya ta daƙiƙa 90, ana maimaitawa har minti 20. Kowane mako sai a ƙara tsawon gudun a rage tafiyar, har a mako na tara mutum ya iya minti 30 bai tsaya ba. Wanda aka yi wa tiyata babu laifi in ya maimaita kowane mako sau biyu. Wajibi ne kuma a haɗa da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako, kamar tsugunawa da miƙewa, da hawa matakala, da ɗaga abu mai matsakaicin nauyi, domin gudu shi kaɗai bai isa ya tsare tsoka ba. Dogon gudu irin na famfalaƙi, mai kilomita 42 da ɗoriya, sai bayan nauyi ya tsaya wuri ɗaya, kuma da shawarar masanin abinci.

7.2 Tsarin abinci

Ƙa'ida ta farko ita ce a fara da abinci mai gina jiki, watau furotin. Masana sun tsayar da aƙalla giram 60 a yini, kuma mai motsa jiki yana iya buƙatar fiye da haka, har zuwa giram 1.5 a kan kowane kilo na nauyin da ya dace da tsawonsa. Don a gane wannan adadi, ƙwai ɗaya yana da wajen giram 6, kofin madara ko nono wajen giram 8, giram 100 na dafaffen kifi fiye da giram 20, na naman kaza kuma wajen giram 25 zuwa 30. Wake da alale da awara da gyaɗa su ma suna taimakawa. Da yake tumbin ba ya ɗaukar da yawa, sai a raba cin sau biyar ko shida a yini, a ci nama ko kifi ko ƙwai tukuna, sa'an nan ganye, a ƙarshe a ɗan taɓa tuwo ko shinkafa ko doya. Wannan ya saɓa wa yadda aka saba, inda tuwo ne babba, nama kuwa rakiya. A tauna sosai, a ajiye cokali da zarar an ji alamar ƙoshi.

Ƙa'ida ta biyu ita ce kada mai gudu ya guje wa abinci mai sitaci gaba ɗaya, domin shi ne makamashin tsoka. Abin da ake so shi ne irin wanda ke narkewa a hankali, kamar wake da dankali da acca da hatsin da ba a cire masa dusa duka ba, kuma a haɗa shi da furotin. Lemon kwalba da zoɓo mai sukari da shayi mai kauri da furar da aka zuba wa sukari suna wucewa ta ƙaramin tumbi ba tare da ƙoshi ba, suna kawo faɗuwar sukarin da aka ambata, suna kuma dawo da ƙiba.

Ƙa'ida ta uku ita ce shan ƙwayoyin bitamin da likita ya rubuta har iyakar rayuwa, tare da gwajin jini a kai a kai a shekarar farko, daga baya kuma aƙalla sau ɗaya a shekara. Jin ƙarfi a jiki ba hujja ba ce ta dainawa, domin ƙarancin B12 yana iya ɗaukar shekaru kafin ya bayyana.

7.3 Ranar gudu

Ruwan gudun safe tun jiya ake shansa. Ana buƙatar aƙalla lita ɗaya da rabi a yini, da ƙari a ranar gudu, kuma a riƙe gora a hannu ana kurɓa duk bayan 'yan mintoci. Launin fitsari ma'auni ne mai sauƙi, in ya yi duhu to ruwa bai isa ba. Sa'a ɗaya ko biyu kafin fita a ci ɗan abu kaɗan, kamar rabin ayaba da cokalin tunkuza, ko nono marar sukari. Gudun da bai kai sa'a ɗaya ba ruwa kawai yake buƙata. In ya wuce haka, sai a riƙa cin ɗan abu kaɗan kaɗan, kuma a gwada shi tukuna a kusa da gida. Yana da kyau a riƙe dabino biyu ko uku a aljihu saboda faɗuwar sukari. Bayan an dawo a fara da ruwa, in an yi minti 30 sai a ci abinci mai furotin.

8.0 Zafi da Azumi

Yawancin waɗannan shawarwari a ƙasashe masu sanyi aka tsara su. A Kano da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram zafi yakan kai digiri 40 ko fiye daga watan Maris zuwa Mayu. A irin wannan lokaci ba a gudu sai bayan sallar asuba ko gab da magariba, kuma a rage tsawonsa. Lokacin hunturu ma akwai yaudara, domin busasshiyar iska tana shanye gumi nan take, mutum bai san yana rasa ruwa ba.

Game da azumin watan Ramadan, likitoci da dama sukan shawarci wanda aka yi wa aikin da ya jinkirta shi a shekarar farko, domin tumbinsa ba zai iya ɗaukar ruwa da abincin yini guda tsakanin magariba da asuba ba. Sananne ne cewa shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame, saboda haka sai a tuntuɓi likita da malami. Wanda aka amince wa ya yi azumi, ya buɗe baki da ruwa a hankali, ya guji haɗa kunu mai sukari da dabino masu yawa lokaci guda, ya kuma mayar da motsa jikinsa zuwa bayan buɗa baki.

9.0 Alamomin da Ke Wajabta Tsayawa

Akwai alamomin da in mai gudu ya gan su lalle ne ya tsaya ya nemi likita. Daga cikinsu akwai ciwon ƙirji, da suma ko jiri mai maimaituwa, da amai wanda ya wuce yini ɗaya ko biyu, da baƙin bayan gida, da mutuwar yatsu ko jin kamar ana tsira allura a ƙafa, da ciwo a wuri ɗaya na ƙashi wanda ke ƙaruwa da gudu. Ciwon ciki mai tsanani kuwa ba abin jira ba ne, domin bayan tiyatar kewaye hanji yana iya murɗewa ko da an yi shekaru, saurin ramewa kuma yakan haifar da tsakuwa a matsarmama. Mai shan maganin sukari ko na hawan jini shi ma sai an riƙa duba masa adadin maganin, saboda abin da ya dace da mai kilo 120 yana iya yi wa mai kilo 85 yawa.

10.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa tiyata tana rage nauyi, amma riƙe wannan ragi da tsare tsoka da ƙashi aiki ne da ke kan mai jikin. An ga kuma cewa gudu yana taimakawa matuƙar an ciyar da jiki gwargwadon aikin da aka sa shi, watau furotin giram 60 ko fiye, da ruwa lita ɗaya da rabi ko fiye, da ƙwayoyin bitamin kullum, da gwajin jini a kan lokaci. A shekarar farko abinci ne ke gaba, gudu yana biye. In aka ga tsoka na zubewa ko gajiya ta ƙi wucewa, gudun ake ragewa. Ma'aunin nasara kuma ya haɗa da ƙarfin jiki da sakamakon gwajin jini da iya gudanar da aikin yau da kullum, ban da abin da sikeli ya nuna. Wanda ya kiyaye waɗannan, ya kuma riƙe alƙawarin komawa wurin likitansa da masanin abinci, yana da kyakkyawan zaton ya daɗe yana cin moriyar aikin da aka yi masa. Allah ya ƙara lafiya.